Yadda Matan Arewa Suka Sami Ƙuri'a

Jama'a, yau mace takan ɗauki katinta ta tafi rumfar zaɓe, ba mai waiwayarta. Saboda haka yaran yanzu suna tsammani haka abin yake tun fil'azal. Mun ga ya kamata mu tuna wa malamai da akawuna yadda aka yi, don su ne masu faɗa wa na baya.

Ko a ƙasashen Turawa ba a daɗe da yarda da wannan ba. Niyu Zilan ce ta fara, a 1893. A Ingila wata mace, Emmeline Pankhurst, ta kafa jam'iyyar mata a 1903. Suka yi ta taro, ana kama su ana ɗaurewa, waɗansu suka ƙi cin abinci a kurkuku. Sai a 1918, bayan mata sun riƙe ayyukan maza lokacin Yaƙin Duniya na Farko, aka ba waɗanda suka kai shekara 30 ƙuri'a, kuma a 1928 aka daidaita su da maza. Amurka ta yarda a 1920, Faransa kuwa sai 1944.

A Nijeriya matan Kudu ne suka riga motsawa. A Abeokuta, Funmilayo Ransome-Kuti ta shugabanci matan kasuwa, suka ƙi harajin da aka aza musu, suna cewa ba su da bakin magana a majalisar da ke cin kuɗinsu. Rigimar ta yi zafi har Alake Ademola ya sauka daga sarauta a 1949, ko da yake ya koma daga baya. Da aka zo zaɓen Tarayya na 1959, matan Gabas da Yamma suka jefa ƙuri'a, na Arewa kuwa aka ce su dakata.

Me ya sa? Jam'iyyar NPC, wadda ke riƙe da mulkin Jihar Arewa, ta ce lokaci bai yi ba. Masu wannan ra'ayi suka kawo hujja uku: matan aure suna kulle, bai dace su cuɗanya da maza ba, yawancinsu ba su iya karatun boko ba, kuma kowace abin da mijinta ya ce shi za ta zaɓa. Jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta ce a'a. Masu goyon bayan mata suka tuna wa jama'a cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya zargi mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u ta aika da jajis ƙauye ƙauye suna karantar da mata. Game da rashin boko kuwa, ai maza da yawa da ke zaɓe su ma alamar jam'iyya kaɗai suke dubawa.

Wadda ta fi shan wuya a wannan gwagwarmaya ita ce Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan NEPU. An ɗaure ta sau da yawa, an doke ta, ba ta daina ba. Allah ya ja kwananta ta ga abin da ta nema, gama a 1976, shekarar da aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi, aka ba matan Arewa ƙuri'a, kuma tsarin mulki na 1979 ya tabbatar. Ta rasu a 2001, an kuwa sa wa babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya sunanta.

To, amma gardamar ba ta ƙare ba, wuri ta sake. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta ƙi ƙudurin ware wa mata kujeru, kuma a zaɓen 2023, cikin kujeru 469 mata ba su ci ko 30 ba. Ga shi su ne suka fi jimirin tsayuwa a layi ranar zaɓe.

Mu dai a ganinmu tushen maganar yana makaranta. Yarinyar da aka cire daga aji aka ɗora mata talla za ta girma ta jefa ƙuri'a, amma da wuya ta tsaya a zaɓe ta, ko ta zama ungozomar asibiti ko malamar da 'yan'uwanta ke bukata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malamin da ya ga kujerar ɗaliba ta zama wofi, ya daure ya je ya sami uban. Allah ya sa mu dace, amin.