Wasan da ba ya jiran kowa: me ya sa matasa ke kasa tashi daga wasannin taron jama'a na intanet?

 

Iyaye da yawa suna kawo kuka iri ɗaya. Yaro yana gaban kwamfuta ko ya duƙufa kan salula, a kira shi ya ce yana zuwa, a sake kira ya ce minti biyar, har a yi sallama daga sallar isha'i bai motsa ba. Uba yakan ɗauka raini ne kawai. Wani lokacin rainin ne, amma sau da yawa akwai abin da uban bai gani ba, domin wasannin kwamfuta ba jinsi ɗaya ba ne, kuma akwai wani jinsi da aka gina shi ta yadda tashi a tsakiyarsa yana da tsada ga mai yin sa. Shi nake so mu fahimta, domin malamai sun ce hukunta abu reshe ne na sanin haƙiƙaninsa.

Turawa suna taƙaita sunan wannan jinsi da haruffan MMORPG. Ma'anarsa wasa ne da dubban mutane ke shiga a lokaci guda ta intanet, kowa ya ƙirƙiri wani mutum na ƙage da zai zama wakilinsa: jarumi mai takobi, ko maharbi, ko mai warkar da raunuka, ko ɗan kasuwa. Dukkansu suna zaune a duniya ɗaya mai birane da dazuzzuka da kasuwanni da kuɗinta na kanta. Wannan duniya ba a cikin na'urar yaronka take ba, tana can a manyan na'urorin kamfani. Saboda haka idan ya kashe tasa na'urar, duniyar ba ta tsaya ba. Farashi yana ci gaba da hawa da sauka a kasuwarta, abokansa suna ƙara yin gaba, abokan hamayya suna kame wurare. Wanda ya san dara ko karta ya san wasan da ake tashi a bar shi yadda yake, a dawo gobe. Wannan babu maɓallin dakatarwa a cikinsa, kuma ba shi da ƙarshen da za a ce an kai.

Abin ba sabo ba ne. Ultima Online ya fito a Amurka a 1997, Lineage a Koriya ta Kudu a 1998, EverQuest a 1999. Wannan na ƙarshe masu yin sa da kansu suka laƙaba masa suna da ke kwatanta shi da hodar iblis, saboda yadda yake kama mutum. Wanda ya fi shahara shi ne World of Warcraft na kamfanin Blizzard, wanda ya fito a 2004, kuma a 2010 masu biyan kuɗin shiga cikinsa suka kai miliyan 12, a Amurka kusan dala 15 kowane wata. A ɓangaren masu jin Faransanci akwai Dofus, na kamfanin Ankama da ke Faransa, shi ma na 2004. Wasannin salula da suka fi yawo a hannun yaranmu, irin su Free Fire da PUBG, ba ainihin wannan jinsi ba ne, domin zagayensu gajere ne. Sai dai sun aro dabaru da yawa daga gare shi, don haka bayanin da ke tafe ya shafe su.

To, me ke jan mutane? Wani masanin Ingila mai suna Richard Bartle, wanda yana cikin waɗanda suka ƙirƙiri kakan waɗannan wasanni a ƙarshen shekarun 1970, ya kasa masu wasan gida huɗu a wani rubutu na 1996: masu neman cin mataki da tara dukiya, masu son yawon gano sababbin wurare, masu son hulɗa da jama'a, da masu son rinjayar wasu. Idan ka duba, babu ko ɗaya cikin huɗun da baƙo ne ga ɗabi'ar ɗan Adam. Matashin da ya gama makaranta yana zaune ba aiki, wanda babu mai tambayar ra'ayinsa a gida, ya shiga wani wuri inda duk ƙoƙarin da ya yi ana rubuta masa shi nan take, matsayinsa na hawa a gaban idonsa, mutane daga ƙasashe daban-daban suna kiransa da suna, suna cewa ba za a fara ba sai ya iso. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a zuciyar saurayi. Duk wanda zai yi masa nasiha ba tare da ya amsa cewa akwai daɗi na gaske a nan ba, maganarsa ba za ta shiga ba.

Amma daɗin an auna shi da ma'auni. A farkon wasa mataki yana zuwa cikin mintuna, daga baya sai sa'o'i, daga baya sai kwanaki. Misali a RuneScape, ƙololuwar da aka saba da ita a kowace sana'a ita ce mataki na 99, amma wanda ya kai na 92 rabin makin da ake buƙata kawai ya tara. Bakwai ɗin da suka rage suna cin abin da 92 suka ci. A lokacin kuwa mutum ya riga ya zuba watanni, ya ji komawa baya asara ce. Sannan ga kayan alfarma da ake samu idan an kashe wani dodo: ba kullum suke faɗowa ba, sa'a ce. Masanin halayyar ɗan Adam B. F. Skinner ya nuna tun ƙarnin da ya wuce, da gwaji a kan ɓeraye da tantabaru, cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi sa dabba nacewa a kan ladan da aka sani. Ga kuma ayyukan kowace rana da kyautar shiga kullum, waɗanda idan rana ta wuce sun wuce. Da haka wasa ke rikiɗewa ya zama aikin da ake zuwa ko ana marmari ko ba a yi.

Abin da ya fi duk waɗannan ƙarfi, a ganina, shi ne jama'a. Manyan dodanni ba sa kasuwa ga mutum ɗaya. A World of Warcraft na farko sai an haɗa mutum 40 kafin a shiga wasu wuraren, yanzu adadin ya ragu zuwa tsakanin 10 da 30. Kowa da aikinsa: wani ya tare duka da garkuwa, wasu su kai hari, wasu su warkar. Idan mai warkarwa ya tashi a tsakiyar faɗa, duka rundunar na iya hallaka, aikin sa'a guda ya zube. Don haka ƴan wasa ke kafa ƙungiyoyi masu shugaba da dokoki da jadawali: dare kaza da dare kaza, sa'a uku ko huɗu. Wasu ƙungiyoyin har maki suke rubuta wa mai halarta, da shi ake rabon ganima, wanda ya yawaita fashi a sauya shi da wani. Wasan kansa yana hukunta wanda ya gudu ya bar rukunin da na'ura ta haɗa shi da su, ta hana shi shiga wani na rabin sa'a. Saboda haka lokacin da yaro ya ce maka ba zai iya tashi yanzu ba, ba lallai ƙarya yake yi ba. Ya ɗauki alkawari da mutane, yana jin kunyar saɓa musu. Kuskurensa ya faru tun kafin nan, lokacin da ya amince da alkawarin da ya san zai hau kan wanda ya fi shi girma.

A nan akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Wanda ke wasa daga Yamai ko Maraɗi ko Kumasi galibi da mutanen Turai yake haɗuwa, kuma su suke tsara lokaci bisa agogonsu, da yamma bayan an tashi aiki. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Faransa tana gaban Nijar da sa'a ɗaya, tana gaban Gana da biyu. Ƙarfe 8 na dare a Paris ƙarfe 7 ne a Yamai, ƙarfe 6 a Akra, wato dab da magariba a duka biyun. Zaman sa'a uku ya haɗiye magariba da isha'i ke nan. Allah kuwa ya bayyana a Suratun Nisa'i cewa salla farilla ce mai ƙayyadaddun lokuta.

Ba masu wa'azi kaɗai suka damu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da larurar wasan kwamfuta cikin kundinta na cututtuka a 2019, ya fara aiki a 2022. Alamominta uku: mutum ya kasa sarrafa lokacin farawa da dainawa, wasan ya shiga gaban sauran al'amuran rayuwarsa, kuma ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, yawanci har tsawon wata 12. Hukumar ta ce kaɗan ne daga masu wasa ke kaiwa wannan hali, kuma adalci ne a faɗi haka. Ƙasar Sin tun 2007 ta tilasta wa kamfanoni su rage ladan yaro zuwa rabi bayan sa'a uku, su soke shi bayan biyar. A 2021 ta ƙara tsanantawa: ƴan ƙasa da shekara 18 sa'a ɗaya kawai, daga 8 zuwa 9 na dare, ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Koriya ta Kudu ta hana ƴan ƙasa da 16 wasa daga tsakar dare zuwa 6 na safe a 2011, amma ta janye dokar bayan shekara goma, ta mayar da al'amarin hannun iyaye.

Game da hukunci, shari'a ba ta hana nishaɗi ba. Ya tabbata Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma bar Habashawa suna wasa da masu a masallaci. Kan shaɗaranji, wato darar sarki da dawakai, magabata sun saɓa: mai Risala, Ibn Abi Zaid, ya tafi a kan hani, Shafi'awa suka ce makaruhi ne matuƙar babu caca, babu alfasha, kuma bai fitar da salla daga lokacinta ba. Waɗannan sharuɗɗa su ne ma'aunin da ya fi dacewa da mas'alarmu. Abin da na fahimta shi ne hukuncin yana bin abin da wasan ya ƙunsa da abin da ya jawo. Idan ya kai ga tozarta salla, ko haƙƙin iyaye, ko na mata da ƴaƴa, domin magidanta ma suna ciki, to haramun ne ga wannan mutumin, ko da ya halatta ga waninsa. Haka idan akwai tsiraici, ko girmama gumaka da tsafi ta yadda zai taɓa aƙidar yaro. Akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi na gaske ba tare da sanin abin da ke ciki ba kuwa, ban ga abin da ya raba su da caca ba. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ma haka ta yanke a 2018.

Ga uba, fizge waya a tsakiyar faɗa ba ya haifar da komai sai gaba, domin ka kunyata shi a gaban mutanen da yake ganin girmansu. Wurin magana shi ne kafin ya shiga. Ka tambaye shi wane wasa ne, yana cikin ƙungiya ko shi kaɗai, waɗanne darare suke haɗuwa, ƙarfe nawa. Ku ɗora wannan jadawali a kan lokutan salla da karatu da barci, abin da ya ci karo ya nemi ƙungiyar da lokacinta ya dace, domin suna da yawa, ko ya koma ɓangaren wasan da ake yi shi kaɗai. Sannan ka sa ya nuna maka lissafin lokacinsa. A World of Warcraft akwai umarnin da ake rubutawa, wasan ya faɗi jimillar kwanakin da aka shafe da wannan wakili, kuma wasu wasannin suna da irinsa. Kwana ɗaya a wannan lissafi sa'a 24 ce cur a zaune. Wanda ya ga kwana 100 ya zuba sa'a 2,400, daidai da aikin sa'a takwas kullum na tsawon kwana 300. Ku yi lissafin tare, ka bar shi ya faɗi adadin da bakinsa. Allah ne mafi sani.