Shin Ko Kun San? Almakashin da Bakteriya Ke Yanka Magani da Shi

Shin ko kun san cewa idan Ampiclox ɗin da kuka saya a kemis ya ƙi ci, ba kullum ne jabu ba? Sau da yawa maganin na gaske ne, ƙwayar cutar ce ta datse shi tun bai taɓa ta ba. Almakashin da take wannan ɓarna da shi masana suna kiransa beta-laktames.

Sunan gida biyu ne. Beta-laktam wani ɗan zobe ne mai kusurwa huɗu, kabon uku da naitirojin ɗaya, da ke cikin ginin penisilin da amoksisilin da allurar Rocephin. Da shi maganin ke hana bakteriya gina katangar jikinta, har ta fashe. Wutsiyar sunan kuwa, wadda ake rubutawa "ase" a littattafan kimiyya, tambarin inzayim ce, wato furotin mai gaggauta narkewa ko haɗuwar sinadarai. Duk inda kuka ga wutsiyar, ku dubi gaban kalmar, yawanci nan aka rubuta abin da ake yankawa. Al'adar ta samo tushe daga diyastes, wanda Anselme Payen da Jean-François Persoz suka tace daga tsiron sha'ir a Faransa a 1833.

Shin ko kun san almakashin ya riga maganin shiga asibiti? A 1940 Edward Abraham da Ernst Chain suka ba da rahoton cewa bakteriyar E. coli na fitar da wani abu mai lalata penisilin. Majinyacin farko da aka yi wa magani da allurar a Oxford kuwa, wani ɗan sanda, sai a Fabrairun 1941 aka yi masa. Kafin ka ga biri, biri ya gan ka.

Haruffan "clox" da ke jikin Ampiclox na kuloksasilin ne, maganin da aka ƙera da gangan don almakashin bakteriyar da ke kawo maruru ya kasa kama zobensa. Augmentin dabararsa ta fi burge ni. Kamfanin Beecham na Ingila ya haɗa amoksisilin da asid ɗin kilabulanik, aka fara sayar da shi a 1981. Shi wannan asid ba ya kashe ƙwayar cuta wani abin kirki. Miƙa kansa yake ga almakashin ya maƙale masa a baki, amoksisilin ya wuce ya yi aikinsa. Daga ina aka samo shi? Daga wata bakteriyar ƙasa, Streptomyces clavuligerus. Ashe tun tuni suna yaƙinsu a cikin turɓaya, mu baƙi ne a fagen.

Shin ko kun san bakteriya na ba juna aron wannan makami? Umarnin ƙera shi yakan zauna a kan wani ɗan zoben gado da ake kira filasmid, kuma wannan ƙwaya tana iya miƙa wa waccan ko da ba danginta ba ce: a hanjin mutum, a kejin kaji, a lambatu. Shi ya sa ma'aikacin da ke sammakon shiga Abuja daga Suleja, ya tsaya kemis ya yanki kafso huɗu saboda mura, ba kansa kaɗai ya cuta ba. Mura dai bairos ne, kafson ba ruwansa da ita. Abin da kafson ya yi shi ne kashe raunanan bakteriyar cikin mutumin, ya bar wa masu almakashi fili.

Idan likita a Babban Asibitin Suleja ya tura ku gwajin fitsari, ku dubi takardar. S na nufin maganin zai ci, R na nufin ƙwayar ta gagare shi. In kuka ga ESBL, to almakashin babba ne, yana yanka har su Rocephin, sai a koma ga irin su meropenem masu ɗan karen tsada. Su ma an sami mai yanka su: NDM-1, da aka gano a 2008 a jikin wani majinyaci a Suwidin wanda ya yi jinya a Indiya. Haruffan ND na birnin New Delhi ne, kuma gwamnatin Indiya ta yi fushi da sunan a 2010.

Wani bincike da aka buga a mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa bakteriya masu gagarar magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma in an auna da yawan jama'a, yammacin Afirka ne ya fi jin jiki.

Kada dai a yi wa inzayim ɗin bakteriya kuɗin goro. Daddawar da ake ƙullawa a kasuwar Madalla aikinsu ce: Bacillus subtilis ce ke sakin inzayim ɗin furotes a cikin dafaffiyar kalwa da aka rufe kwana biyu zuwa uku, ya farfasa furotin ɗinta, ƙamshin nan da ke tashi daga tukunyar miyar kuka ya fito.