Sarki Alu Mai Sango: Jarumin da ya ci Basasar Kano, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja

Matafiyin da ya bi hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram, ya zarce Basirka a yau, gonaki da kasuwannin ƙauye zai yi ta gani. Da wuya ya yi zaton cewa shekara 130 da suka wuce, manomin wannan yanki kan je gona ne idonsa na kan duwatsun Ningi, yana sauraron ƙarar kofaton dawaki.

A wancan zamani, Birnin Kudu da Gwaram na ƙarƙashin Masarautar Kano, kuma su ne bakin iyakarta ta kudu maso gabas. Daga wannan shiyya ne tauraron Aliyu Babba ɗan Abdullahi, wanda aka fi sani da Sarki Alu, ya fara haskawa. Shi ne sarkin Kano na ƙarshe kafin zuwan Turawa, kuma har gobe ana gardama a kan matakin da ya ɗauka a daren da ya rabu da rundunarsa.

Ɗan sarki, jikan Sarkin Musulmi

Mahaifin Alu shi ne Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855. Mahaifiyarsa Saudatu kuwa 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, sunan kakan nasa aka sa masa.

Zamanin mahaifinsa zamani ne na fama da Ningawa. Tun bayan da Malam Hamza da wasu malamai suka bar Tsakuwa saboda rigimar kuɗin ƙasa, suka fake a duwatsun Ningi, garuruwan kudancin Kano ba su sake yin barci da ido biyu ba. Wannan ya sa aka ƙarfafa ribaɗi irin na Takai. Yayan Alu, Galadima Yusufu, ya yi suna a waɗannan yaƙe-yaƙe kafin mahaifinsu ya tuɓe shi.

Yadda Basasa ta ɓarke

A ƙarshen 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello, ƙanen Abdullahi, ya rasu. Manyan Kano da dama na son Yusufu, amma Sarkin Musulmi Abdurrahman ya dage sai Tukur ɗan Bello, wanda ya nuna bajinta a yaƙin Argungu. Wazirin Sakkwato Buhari ne ya aiwatar da naɗin.

'Ya'yan Abdullahi suka ƙi yin mubaya'a. Suka fice daga birni da bayinsu da dawakinsu, suka sauka a Takai. Zaɓen Takai ba a banza ba ne: Yusufu ya san ƙasar, mutanenta sun san shi, ga kuma Ningi kusa. Abin mamaki, abokan gabar jiya suka zama abokan tafiya, domin Yusufawa sun nemi goyon bayan Sarkin Ningi Ɗan Yaya, suka kuma samu na Gumel.

Garuruwan gabas da kudu suka riƙa shiga hannunsu, wasu da mubaya'a, wasu da takobi. Gaya ta yi turjiya, sai da aka zubar da jini kafin ta faɗi. Ana cikin haka, a 1894, Yusufu ya rasu a Garko.

Jama'ar suka ɗora Alu, wanda shi ne wazirin Yusufu. Ban da jarumtarsa, akwai lissafi a zaɓen: ana ganin Sakkwato za ta fi saurin haƙura da ɗan 'yarta.

Alu bai ɓata lokaci ba. Kafin shekarar ta ƙare ya ci birnin Kano, Tukur ya fice zuwa Kamri ta wajen iyakar Katsina. A watan Maris na 1895 aka gwabza a Tafashiya, inda Tukur ya gamu da ajalinsa. Daga baya Sakkwato ta amince da abin da takobi ya riga ya yanke. Wannan shi ne karo na farko da sarkin Kano na gidan Fulani ya hau mulki ba tare da zaɓin Sarkin Musulmi ba.

Sarautar da ba hutu

Laƙabin Mai Sango ya samo asali ne daga ƙaunarsa ga makaman wuta. Ya dogara sosai ga 'yan bindiga daga cikin bayin sarki, waɗanda suka tsaya masa a Basasa, ya kuma raba manyan sarautu ga 'yan'uwansa. Ya naɗa ɗan'uwansa Ahmadu Waziri, Abbas kuma ya zama Wambai.

Sai dai nasara ba ta kawo kwanciyar hankali ba. Daga arewa, Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya kutso ƙasar Kano, aka fafata a wurare irin su Gezawa da Tattarawa. Barazanar ba ta kau ba sai da Faransawa suka ci Damagaram suka kashe Ahmadu a 1899.

Daga kudu kuma, zumuncin da aka ƙulla da Ningi bai daɗe ba. Hare-hare suka dawo, kuma kamar kullum, talakan bakin iyaka ne ya biya kuɗin sabulu: a ƙone rumbu, a kore dabbobi, a tafi da mata da yara. Haka ita ma Kano takan yi wa ƙauyukan Warji da maƙwabtansu idan ta fita ramuwa. Sai a 1902, da Turawa suka ci Ningi aka kashe Ɗan Yaya, wannan babi ya rufe.

Zuwan Nasara

A watan Oktoban 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe jami'in Ingila Kyaftin Moloney, ya gudo Kano. Alu ya karɓe shi da girmamawa. Lugard ya samu hujjar da yake nema.

A watan Janairun 1903 Alu ya tafi Sakkwato da mahaya kimanin 2,000 domin mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Yana can Kanar Morland ya taso daga Zariya da soja ƙasa da 1,000, amma ɗauke da igwa da bindigogi masu aman harsashi. Suka ci Bebeji, ranar 3 ga Fabrairu kuma suka fasa ganuwar Kano. Sarkin Shanu Muhammadu, wanda aka bar wa tsaron gari, ya mutu yana kare gidan sarki.

Labarin ya iske Alu a kan hanyar dawowa. A Birnin Goga, cikin dare, ya bar rundunarsa ya yi nasa wuri. Waziri Ahmadu ya ja waɗanda suka zaɓi faɗa, suka yi arangama da Turawa a Kwatarkwashi a ƙarshen Fabrairu, inda ya kwanta dama. Wambai Abbas ya koma Kano da sauran jama'a, Lugard ya naɗa shi sarki.

Alu bai yi nisa ba, aka kama shi a ƙasar Gobir aka miƙa wa Turawa. Suka kai shi Yola, daga nan Lakwaja, inda ya shafe sauran rayuwarsa cikin karatu da ibada. Ya rasu a 1926, kabarinsa na can.

Gudu ne ko hijira?

Masu sukarsa na cewa sarkin yaƙi ba ya barin mayaƙansa da dare, ga shi wazirinsa ya tsaya har ya mutu. Masu kare shi kuwa na cewa niyyar hijira zuwa gabas ya yi, irin wadda Sarkin Musulmi Attahiru da kansa ya yi bayan faɗuwar Sakkwato, har ya rasu a Burmi a watan Yulin 1903. Suna ƙarawa da cewa mutumin da ya ci Kano da yaƙi ya fi kowa sanin abin da doki da mashi za su iya a gaban igwa.

Yau Birnin Kudu da Gwaram na cikin Jihar Jigawa da aka ƙirƙira a 1991, ƙarƙashin Masarautar Dutse, Ningi kuma na Jihar Bauchi. Jikokin waɗanda suka kai hari da na waɗanda aka kai wa suna cin kasuwa ɗaya, suna auratayya. Amma yaran yankin kaɗan ne za su iya gaya maka abin da ya kai Yusufawa Takai, ko dalilin da ya sa kakanninsu suka kewaye garuruwansu da ganuwa.