Wane Kwas Yaranmu Za Su Cike a Fom Ɗin JAMB?

'Yan'uwa, duk lokacin da aka soma sayar da fom ɗin JAMB, iyaye sukan tsaya bayan an tashi sujada suna tambayar juna, “Me ya kamata yaron nan ya karanta?” A shekarun baya amsar ba ta da wuya, sai mu ce ya karanta kwamfuta, aiki na jiransa. Yanzu ya kamata mu sake duba wannan amsa, musamman mu da muke zaune a Wurno da Rabah da Goronyo.

A watan Nuwamba na 2022 wani kamfanin Amurka ya fito da ChatGPT, ɗaya daga cikin manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Irin waɗannan manhajoji suna tsara wasiƙa, su taƙaita rahoto, su kuma rubuta ƙananan manhajojin kwamfuta cikin ɗan lokaci. To, waɗannan su ne ayyukan da ake fara ba sabon ma'aikaci don ya koyi hannu. Aikin kwamfuta bai ƙare ba, sai dai ƙofar shigarsa ta ƙara ƙunci. Wanda ake nema yanzu shi ne mai iya duba abin da na'ura ta rubuta ya gane inda ta yi kuskure, gama takan yi kuskure, kuma da ƙarfin hali take yinsa.

Makarantu ma sun motsa. A farkon 2024 hukumar NBTE mai kula da kwalejojin fasaha ta raba babbar difloma ta kwamfuta gida huɗu: ƙirƙirarriyar basira, haɗa na'urori da ajiyar bayanai a intanet, gina manhaja da shafukan intanet, sai tsaron bayanai. Sunayen suna da daɗin ji, amma kada suna ya ruɗe mu. Kafin yaro ya cike Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Jami'ar Jihar Sakkwato, ko Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, a nemi ɗalibin da ke sashen a tambaye shi: su nawa ne a aji, kwamfuta nawa ke aiki, hukuma ta amince da kwas ɗin? A kuma duba yaron da kansa. Idan shi da lissafi ba sa ga maciji, kada mu tura shi don kawai ɗan maƙwabci ya shiga.

Akwai abin da mukan manta, shi ne na'ura ba ta san ƙasarmu ba. Madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima tana iya riƙe ruwa kusan kubik mita miliyan 942, manoman rani kuwa da ita suka dogara. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010 sun san abin da lissafin ruwa yake nufi. Yaushe za a saki ruwa, kuma nawa? Wace cuta ce ta kama albasa ko tafarnuwa a fadamar Wurno? Yaya za a adana albasa kada ta ruɓe kafin farashi ya tashi? Manhaja za ta taimaka, amma sai a hannun wanda ya karanta aikin gona, ko injiniyancin ruwa, ko likitancin dabbobi, ya kuma taka gonar da ƙafarsa. Kwalejin aikin gona da kiwon dabbobi tana nan Wurno a ƙofar gidanmu, amma yaranmu da yawa suna raina ta. A ganinmu, yarinyar da ta karanta aikin jinya ko noma ta haɗa da iya kwamfuta ta fi tsayawa da ƙafafunta a kan wanda ya riƙe takardar kwamfuta kaɗai ba tare da ya taɓa gina komai ba.

Mu kuma tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jiharmu saboda 'yan bindiga, har da Rabah da Goronyo. Mai burin yin aiki ta intanet daga gida sai ya lissafa da wannan, da kuma rashin wutar lantarki.

Wanda zuciyarsa take kan kwamfuta, yana kuma da baiwar lissafi, kada mu hana shi. Ya shiga, ya riƙe lissafi da Turanci da kyau, ya soma gina wani abu tun yana aji ɗaya, ko da manhajar rubuta kuɗin adashen zumuntar mata ce. Wanda ya zaɓi wani fanni kuwa, yana iya koyon kwamfuta a gefe, misali ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta soma a 2023. Kafin a je cibiyar rajista, iyaye su zauna da yaron da wani malaminsa na sakandare, a buɗe littafin JAMB a tabbatar darussan da zai rubuta sun dace da kwas ɗin da ya zaɓa.