Tafiyar Jirgin Sama Da Ba Ta Kai Minti Biyu Ba

Can arewacin Scotland, a ƙasar Birtaniya, akwai waɗansu tsibirai da ake kira Orkney. Biyu daga cikinsu, Westray da Papa Westray, suna kallon juna, sai wani ɗan siririn teku da ya ratsa tsakaninsu. Daga filin jirgin saman wannan zuwa na wancan kilomita 2.7 ne kacal, wato bai cika mil biyu ba. Duk da haka tun daga shekarar 1967 kamfanin Loganair yake jigilar fasinja a tsakaninsu, kuma a duk duniya babu wata tafiyar jirgin fasinja mai tsayayyen lokaci da ta kai wannan gajarta.

Zaman jirgin a sama yakan kai kimanin minti ɗaya da rabi. Ran da iska ta ba da baya ma ba ya kai haka, don an taɓa yin tafiyar cikin daƙiƙa 53. Jirgin ɗan ƙarami ne samfurin Britten-Norman Islander, mai injin biyu, yana ɗaukar fasinja takwas, suna zaune dab da matuƙi suna ganin duk abin da hannunsa ke yi. Wani matuƙi, Stuart Linklater, ya yi wannan ƙetarawa fiye da sau 12,000 kafin ya yi ritaya a 2013.

To, mai karatu zai ce ina amfanin ta da injin jirgi saboda tazarar da mai keke zai cinye cikin minti goma? Ai da ma keke yana bin kan ruwa! Akwai jirgin ruwa mai yin kimanin minti 25, amma tekun wannan yanki ba shi da tabbas, musamman da hunturu. Sa'an nan kuma ba don wannan ɗan tsallake kaɗai jirgin yake tashi ba. Daga Kirkwall, babban garin Orkney, yake fitowa, tazarar kilomita 43, ya sauka a tsibiri ɗaya, ya tsallaka ɗayan, ya koma gida. Yawancin fasinjan Kirkwall suka nufa, ko kuwa daga can suke.

Mutanen Papa Westray 90 ne a ƙidayar 2011. Jama'a kaɗan irin wannan ba za su iya riƙe kamfanin jirgi da kuɗin tikiti ba, shi ya sa Majalisar Tsibiran Orkney take tallafa wa jigilar da kuɗin hukuma. A ganinmu ba ɓarna ba ce. A wannan jirgi malaman makaranta da ma'aikatan lafiya suke zuwa aiki, a cikinsa maras lafiya yake tafiya ganin likita. In aka janye shi, masu ƙananan yara ne za su fara tunanin ƙaura, a tsibirin da mutane suka zauna tun fiye da shekara 5,000, kamar yadda gidajen dutse na Knap of Howar suka shaida.

Masu yawon buɗe ido su ma sukan zo takanas don su ɗanɗana tafiyar, in sun sami kujera.