"Babu Rezo": Ina Ainihin Matsalar Take A Kasuwannin Iyaka?

Duk ɗan kasuwar da ke fatauci tsakanin Birnin Ƙonni da Illela, ko Maraɗi da Jibiya, ko Gaya da Kamba, ya san wannan magana: "Alhaji, a yi haƙuri, babu rezo." Ana jin ta a banki da ofishin tura kuɗi, ana kuma jin ta a ofishin duwan a daidai lokacin da mota ke tsaye da kaya, albasa na lalacewa a rana. Da yawa kan ɗauka ma'aikacin na goro yake nema. Akwai masu yin hakan, ba musu, amma sau tari gaskiya yake faɗa, domin na'urar da ke gabansa ba ita kaɗai ke aikin ba.

Kwamfutocin ofis guda a haɗe suke da juna. Ofisoshin gari guda kuma, wato bankuna da duwan da turakun wayar salula, akwai wata hanya mafi girma da ta haɗa su, wadda ta karaɗe garin, wani lokaci ma har da ƙauyukan kewaye. Daga nan ne saƙo ke hawa babbar hanyar da ta nufi babban birnin ƙasa. A Nijar, alal misali, duwan na aiki da tsarin SYDONIA, wanda wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirƙiro tun farkon shekarun 1980, kuma takardar kayan da aka cika a bakin iyaka sai ta isa babbar na'ura ta dawo kafin a ce an gama.

Ƙashin bayan wannan hanya shi ne wata waya da ake binnewa a ƙasa, galibi a gefen kwalta, wadda a cikinta akwai zaren gilashi mai sirantar gashin kai, haske ne ke gudu a ciki ɗauke da saƙo. A manyan birane akan shimfiɗa ta kamar zobe, ta yadda idan ta tsinke ta gabas, saƙo zai zagaya ta yamma ba tare da kowa ya sani ba. To amma garuruwan iyaka da yawa igiya guda ce ke riƙe da su. Katafila ɗaya ta masu gyaran hanya, ko ruwan damina da ya cinye kwalbati, ya isa ya tsayar da cinikin kasuwa baki ɗaya. A nan gizo ke saƙar, kuma a ganinmu nan ne ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa su matsa wa hukuma lamba, ba kan yaron da ke zaune bayan teburi ba.

Wani lokaci matsalar daga nesa take zuwa. Nijar ba ta da teku, don haka da wayoyin maƙwabta take isa ga sauran duniya. A watan Yuli na 2009 wayar cikin teku mai suna SAT-3 ta lalace, Benin da Togo da Nijar da Nijeriya suka shiga halin ni-'yasu. A ranar 14 ga Maris, 2024 ma wayoyi huɗu suka tsinke a tekun yammacin Afirka, bankuna da dama suka kasa biyan jama'a. Ga kuma wuta: da aka yanke lantarkin da ke zuwa daga Nijeriya a watan Agusta na 2023, janareta da gazuwal suka zama abin dogaro.

Domin rage dogaro da ƙofa guda ne Bankin Raya Ƙasashen Afirka ya zuba kuɗi a aikin wayar da ke ratsa Sahara, wadda a ɓangaren Nijar ta haura kilomita 1,000. Reshe ɗaya ya tashi daga Arlit zuwa Assamaka a iyakar Aljeriya, wani daga Diffa zuwa iyakar Chadi, wani kuma daga Damagaram zuwa Tinkim a iyakar Nijeriya.

Kafin amfanin wannan ya kai kowace kasuwa, akwai abin da ɗan kasuwa zai yi wa kansa. Idan rezo ya ɗauke ana tsakiyar tura kuɗi, kada a sake turawa har sai an tabbatar na farko bai fita ba, a kuma karɓi rasit mai lamba, domin da lambar ce kawai ake bin sawun kuɗi. Mai kayan gwari ya gama takardunsa tun da safe, kada ya bari sai ranar kasuwa. Masu riƙe layi biyu, na Nijar da na Nijeriya, su ma su lura: a bakin iyaka waya kan kama turken ƙasar da ke tsallake ba tare da mai ita ya sani ba, sai a caje shi kuɗin kira kamar wanda ya yi tafiya, alhali yana zaune a rumfarsa.