Gidan Bakwa: Tarihi da Tsarin Ginin Fadar Zazzau

Duk wanda ya taso daga Tudun Wada ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka, ba zai yi nisa ba zai iske filin Ƙofar Fada, inda gidan Mai Martaba Sarkin Zazzau yake daura da Masallacin Juma'a. Da yawa daga cikinmu ba mu zuwa wurin sai ranar hawan Sallah, don haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayanin wannan gida da irin ginin da ya gada.

Tarihin Gidan

Ana kiran fadar da suna Gidan Bakwa, domin tunawa da Bakwa Turunku, wadda a zamaninta ne, wajen shekarar 1536, aka dawo da hedikwatar ƙasar Zazzau daga Turunku zuwa Zariya, kamar yadda tarihi ya nuna. A shekarar 1808 Malam Musa ya zo da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ci birnin, Sarki Muhammadu Makau ya yi kudu zuwa Zuba, zuriyar gidansu kuma ita ke sarautar Suleja a yau. Tun daga lokacin gidajen sarauta huɗu ne suka riƙe wannan fada: Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Marigayi Alhaji Shehu Idris ya zauna cikinta daga 1975 zuwa 2020, sannan Malam Ahmed Nuhu Bamalli na gidan Mallawa ya gaje shi.

Tsarin Gini

Fada gidan Bahaushe ce da aka faɗaɗa. Baƙo yakan fara da zaure, ya wuce soraye inda ake zaman fadanci da sauraron ƙararraki, kafin a kai cikin gida, wanda ba kowa ke shiga ba. Gwargwadon kusancin mutum da Sarki, gwargwadon inda zai tsaya. Ƙofar fada ta yanzu an yi ta da kayan zamani, amma ta riƙe salon kakanni, da zankwaye a saman bango da zane mai launuka.

Tsofaffin soraye kuwa da tubali ake ɗora su, a yi musu rufi da azara, wadda ake farowa daga giginya saboda gara ba ta cinta da sauƙi. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyi idan tazara ta yi yawa, sai magina su riƙa jera ta, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, suna ɗaurewa suna lulluɓewa da ƙasa, har ta lanƙwasa ta zama bakan gizo. Idan bakuna suka haɗu a tsakiyar rufi, shi ne ɗaurin guga. Ana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a sa indararo domin ruwa ya zuba nesa da gindin gini. Kaurin bango shi ke sa soro ya yi sanyi da bazara, ya riƙe ɗumi da hunturu.

Wanda ya kai wannan fasaha ƙololuwa shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarim, 1834 zuwa 1846. A shekarun 1970 an yi wa masallacin sabon gini, aka bar wani sashe na tsohon a cikinsa. Har yau akwai unguwa a birni mai suna Babban Gwani.

Abin da Ya Rataya a Wuyanmu

Ginin ƙasa ba alamar talauci ba ne. Fadar Alhamra da sarakunan Musulmi suka gina a Garanada ta ƙasar Sifen, da jar ƙasa aka yi yawancin ganuwarta, kuma miliyoyin mutane ke ziyartar ta kowace shekara, saboda ana kula da ita.

A garuruwanmu da ƙauyukanmu akwai zaurukan hakimai da dagatai da aka gina da hannun magina irin waɗannan. Abin da ke rusa su ruwa ne da sakaci: indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan rufi, azara ta ruɓe, soron da ya shekara ɗari ya faɗi a damina guda. Shafa siminti a kan bangon ƙasa ma yakan tsare laima a ciki, bango ya ci daga ciki ba a sani ba.

Saboda haka muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomi da su sa a duba rufi da indararo kafin faɗuwar damina, a yi yaɓe a kan kari, a hana haƙar ƙasa a jikin ganuwa, a kuma nemi shawarar tsofaffin magina kafin a rushe kowane soro. Matasa su zauna da waɗannan dattawa su koya tun suna raye.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasar Zazzau lafiya.